Ranar da Hayaƙinmu Bai Tashi Ba

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan an idar da sallar la'asar, mu uku ne a tsakar gidan: ni, da jikana Sabi'u, da dillalin da ya kawo mu. Sabi'u ya samu aikin gwamnati tun da aka mai da Dutse babban gari, ya yi tattali ya tara abin sayen gida a sabuwar unguwar bayan gari, amma ya ce ba zai kammala ciniki ba sai na taka gidan da ƙafata na sa albarka. Gida ne mai kyau. Katangarsa ta fi tsayin mutum biyu, an jera fasassun kwalabe a kanta, ƙofarsa ta ƙarfe ce.

Dillali ya ɗaga yatsa ya ce, "Hajiya, ki kasa kunne. Me kika ji?"

Na ce, "Ban ji komai ba."

Ya ce, "To abin da ake saya ke nan a unguwar nan. Ba daka, ba kukan yara, ba mai leƙo ki. Sai ki shekara ba ki san wanda ke bayan katangar nan ba."

Sabi'u ya ce, "Amarya, ga ɗakinki can, har da famfo a ciki. Ya yi, ko sai na ƙara sadaki?"

Na ce, "Rufe mini baki, mijin da ba cefane. A ina ake ɗebo wuta a nan?"

Suka yi dariya su biyu. Sabi'u ya ce, "Wace wuta kuma, ga risho ga ashana?" Ni ban yi dariya ba. Na sa albarka, don halalinsa ne kuma ya wahala kafin ya samu. Amma tun daga ranar abin da na binne shekaru masu yawa ya taso mini, na ga gara in rubuta shi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da furfurata na koye shi, hannuna ba ya sauri. Zan faɗa bi da bi, yadda ya faru.

An haife ni a cikin ganuwa, a gindin duwatsu, lokacin Nasara bai daɗe da zuwa ba. Iyayenmu da tsoron mahara suka tashi, shi ya sa suka cusa gidajensu a tsakanin duwatsu, danga na jingine da danga, har in maƙwabci ya yi atishawa a ɗakinsa kai ne mai yi masa addu'a daga naka. Ba mu san shiru ba. Da asuba ladan, bayan ladan zakaru, bayan zakaru guga na bugun bakin rijiya, sannan taɓarya. In mace ɗaya ta fara daka sai ta gidan gaba ta amsa mata, ta uku ta shigo da lugude, kafin rana ta leƙo kan dutse unguwa duk ta ɗauka. Da kunne kawai Innata takan gane wadda ta makara, da wadda ta kwana da fushin miji, da wadda hatsinta ya kusa ƙarewa. Yanzu inji ke niƙa, kuma inji ba ya gaya maka halin kowa.

Aikin yarinya a lokacin a jere yake, ba a tsallake ɗaya. Na farko ki gaida iyaye. Na biyu ki tona toka ki duba ko wutar da aka binne jiya ta kwana. In ta kwana ki sa kara ki hura. In ta mutu ki ɗauki tsingaro, wato guntun fasasshen kasko, ki shiga maƙwabta ki ɗebo garwashi. Sai bayan nan shara, da ɗebo ruwa, da wanke ƙwarya. Ashana ba mu san ta ba. Ƙyastu kuwa, wato ƙarfe da dutsen da ake bugawa a ta da wuta, kayan maza ne, yana cikin burgamin matafiyi, jakarsa ta fata, ba a barin sa a hannun mata da yara. Saboda haka wutar unguwa guda ɗaya ce, yawo take daga murhu zuwa murhu. Tana da dokokinta. Ba a sayar da ita, ba a zama in an zo ɗibarta, shi ya sa har yau in baƙo ya yi saurin tashi ake ce masa, wuta ka zo ɗiba? Kuma ba a hana ta ko ana gaba. Akwai wata Kande a bayan dangarmu, akuyarta ta cinye wa Inna shanyar gari, suka daina gaisawa wata da watanni. Duk da haka in wutarmu ta mutu ni ake aika wa murhunta, ta zuba mini garwashi tana kallon wani wuri, in tata ta mutu 'yarta ta shigo namu.

A gefen dama kuma Iya Tabawa ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba wanda ya rayu, ita ce ungozomar unguwa. Kullum safiya sai ta shigo mana da tsingaronta tana mita. "Ku masu gida, kun kwana? Wannan tsinanniyar wuta tawa ta sake gudu." Daga namu ta shiga na gaba, daga nan na gaba. Wata rana ta gama zagayenta ta koma gida ke nan Inna ta aike ni in kai mata garin kuka. Na shiga na tarar da murhunta na ci balbal, har da tukunya a kai.

Na ce, "Iya, ai ga wuta a gidanki."

Ta kama kunnena ta murɗa. "Wa ya aiko ki leƙen murhuna, mai idon ɓarawon kaji?" Da ta ga na cika da hawaye sai ta sake ni, ta ba ni ɗan ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Saurara, 'yar nan. Ta murhuna tuwo take dafa mini. Ta gidanku ita ke gaya mini kun tashi lafiya. In na shigo na ce na zo duba ku, uwarki za ta ce lafiya lau ko da kanta na rabewa. In na ce wuta, sai ta tashi ta ba ni, ni kuma in ga yadda ta tashi."

Ban fahimce ta ba a lokacin. Ƙuli-ƙulin na fahimta.

Babana masaƙi ne, mutum mai tsari, marar son hayaniya. Ni ce 'yarsa ta fari. Bayana an haifi maza biyu, ƙyanda ta shigo unguwa ta bi danga danga ta ɗauke su a wata ɗaya. Daga nan ya tsani matsin. Ya ce cunkoson nan ne ya kashe masa 'ya'ya, numfashin wani a hancin wani. Ga shi kuma zamani ya juya. Hari ya ƙare, an daina rufe ƙofar gari da magariba, mutane sun fara kwana a gonakinsu ba abin da ya same su. Sai ya ji labarin wani Bafillatani da zai tashi da shanunsa ya yi gabas, yana da gida a fili, hayin ƙorama: ɗaki uku, da rijiya, da tsamiya, da dabino biyu masu 'ya'ya. Nisansa daga ganuwa kamar mace ta fara dakan fura ta gama. Babu gida kusa da shi ko ɗaya.

Sayen gida baƙon abu ne a lokacin. Gida gado ake yi, ko a roƙi fili a kira gayya a gina. Da suka je gaban dagaci ya ce musu ƙasa ba ta sayarwa ba ce, abin da hannu ya gina da abin da hannu ya dasa shi ake saya. Baba ya ba da jakinsa da babbar riga saƙin hannunsa, aka raba goro, aka shafa fatiha. Da yamma Iya Tabawa ta shigo, wannan karon ba tsingaro.

"Malam, an ce ka yi ciniki."

"Na yi, Iya. Har da rijiya, har da dabino."

"Madalla. Maƙwabcin fa, nawa aka bar maka shi?"

Baba ya ce, "Iya, maƙwabtan ne suka ishe ni."

"To Allah ya sa dabino ya iya amsa sallama." Ta nuna Inna da haɓa. "Ita wannan ka tambaye ta?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Inda Malam ya sa ƙafa nan zan sa tawa."

Ranar tashi Iya ce ta zuba mana wutar farko a ƙaramar tukunya, ta lulluɓe ta da busasshen kashin shanu don ta daɗe, ta ɗora mini a ka. Ta ce, "Ki kula da ita. Inda za ku babu Iya a bayan danga."

Ba zan yi wa gidan nan ƙarya ba, yana da daɗi. Iska na shiga ko'ina. Da safe ba ka jin komai sai kurciya da kaɗawar ganyen dabino, in ka waiwaya ka hango duwatsun gari sun yi jere kamar shanu a kwance. Ruwan rijiyar garai-garai, ba layi, ba faɗan guga. Baba ya miƙe zarensa iya tsawon da yake so, ba akuyar da za ta tsallaka, ba yaron da zai taka, ƙarar ƙoshiyarsa kaɗai ke tashi tun hantsi har la'asar. Ya yi ƙiba, har ya fara yi mini wasa. Ni ma na so wurin, don dabinon da ya faɗo nawa ne ni kaɗai. Inna kuwa aikinta kawai take yi. Sai dai in tana daka takan tsaya da taɓarya a sama, ta karkata kai kamar mai jiran amsa, sannan ta ci gaba. Wani lokaci ta yi lugude ita kaɗai ta yi ɗan murmushi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar 'yar fari. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan". A cikin gari ban damu ba, don bakuna da yawa na kiran sunan. A can kuwa sai na yi kwanaki ban ji shi ba in Baba ya dulmuya a saƙa.

Damina ta biyu ta same mu Inna na da tsohon ciki. A lissafin Iya saura wata guda. Baba ya ɗaure turamen da ya saƙa zai kai kasuwar Jahun, ya sayar ya sayo kayan jego, ya ce kwana uku zai yi. Da ƙafa ya tafi, tunda jakin ya shiga cinikin gida. Ya rataya burgaminsa, ƙyastu na ciki, kamar yadda kowane matafiyi ke yi. Ba wanda ya ga laifi a nan, har Inna.

A rana ta biyu, gab da asuba, hadari ya taso da iska, ya ɗaga jinkar ɗakin girki ya jefar bayan danga. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye na bi jerin aikina. Na gaida Inna, na je murhu, na tarar toka ta zama taɓo. Na tona har ƙasa da yatsuna, ko ɗumi babu. Na waiwayo in faɗa mata sai na gan ta tsaye ta riƙe bakin turmi da hannu biyu, gumi na zuba a goshinta alhali ni sanyi nake ji.

Ta ce, "Ke, ɗauki tsingaro. Je ki ce wa Iya wutarmu ta mutu."

Na ce, "Inna, ba ki da lafiya ne?"

"Aike na yi miki, ba tambaya ba."

A zamaninmu mace ba ta faɗin naƙuda da bakinta, ba ta kuka, ba ta kiran kowa, balle ta gaya wa 'yarta ta fari. A cikin ganuwa wannan kunyar ba ta cutar da kowa, don ba sai ta faɗa ba. Iya za ta shigo da tsingaronta ta ga yadda aka riƙe turmi, kafin a jima mata sun cika ɗaki. Kunyar muka ɗauko muka tafi da ita fili, muka baro idon da ke rufa mata asiri.

Na yi gudu har ƙorama. Jiya iyakarta idon sawu, yau ta cika ta batse, ja wur, tana jan kara da rassan itace, tana ƙugi. Na tsaya ban san yadda zan yi ba. Sai na hango mutum a ɗaya hayin, tsohuwa da sanda, da tukunya a ka an rufe da faifai, hayaƙi na tsiyayowa ta gefe. Iya Tabawa ce. Ban je ba, ban aika ba, ga ta.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ina hayaƙinku?"

Na ce, "Ruwa ya kashe wutar!"

"Uwarki fa? Yaya kika baro ta?"

"Tana riƙe da turmi, tana gumi!"

Ko daga nesa na ga yadda fuskarta ta canja. Ta yi salati, ta tattare zani ta shiga ruwan. Kafin ya kai mata ƙugu ya kwashe sandar, ta yi tangaɗi ta koma da baya, hannunta ɗaya na dafe da tukunya. Ta ce, "Koma wurinta! Kada ki bar ta ita kaɗai! Ina nan tafe ko ta sama ne!" Daga baya na ji cewa tun ranar da muka tashi, kullum safiya sai ta ja gwiwoyinta ta hau dutsen bayan gidanta, ta tsaya har ta ga hayaƙi ya tashi a saman dabinonmu, sannan ta sauko ta karya kumallo. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ran nan ta jira har rana ta fito ba ta ga komai ba, ta sauko ta zuba wuta a tukunya.

Na koma na tarar Inna ta shiga ɗaki ta saki asabari. Na ɗaga zan shiga ta ce, "Tsaya nan." Na zauna a bakin ƙofa. Wannan shirun da Baba ya ba da jakinsa ya saya, ranar na ji nauyinsa. Ruwa na ɗiga daga ganyen dabino, kurciya na kuka, a ɗaki kuwa numfashi kawai. Da hantsi ya yi na ji kukan jariri. Na yi murna, na ce shi ke nan an gama. Jaririn ya yi ta kuka, ba a rarrashe shi ba. Can sai na ji an kira sunana, a hankali, sau biyu. Na waiwaya ina neman mai kiran, don ban san sunana a muryarta ba.

Abin da na gani a ɗakin ba zan rubuta shi duka ba. Jaririn na kan tsumma, cibiyarsa ba a yanke ba. Ƙasan ɗakin ya jiƙe. Inna ta jingina da bango, leɓenta ya yi fari, jikinta na rawa. Ta sake kiran sunana ta ce, "Sanyi nake ji. Ɗan ruwan ɗumi." Na lulluɓe ta da zannuwan da ke ɗakin duka, na fita na ɗauko duwatsu biyu na yi ta bugawa a kan jiƙaƙƙen kara har hannuna ya fashe. Ga rijiya cike, ga itace, ga tukunya, ga gero a rumbu. Abin da babu shi ne garwashi ɗaya, wanda a tsohuwar unguwarmu ko maƙiyiyarka za ta ba ka tana kallon wani wuri. Na koma na kwanta a jikinta don ta ji ɗumina. Ta dafa kaina. Ba ta taɓa yi ba sai ranar.

Rana ta kusa tsaka Iya ta shigo, jiƙe sharkaf har wuya. Wani makiyayi ne ya zo shayar da shanu ya same ta tana kai da kawo a bakin ruwa, ya ɗora tukunyar a kansa, ya sa ta riƙe wutsiyar babban sa, suka haye. Wutar ba ta mutu ba. Ta duba Inna sau ɗaya ta fara aiki a jere: ta yanke cibiya, ta miƙo mini jariri, ta hura wuta a tsakar ɗakin, ta ɗora ruwa, sannan ta durƙusa a kan Inna, don mabiyiya ba ta faɗo ba kuma jinin bai tsaya ba.

Inna ta buɗe ido ta ce, "Iya, kin sha hanya."

Iya ta ce, "Yi mini shiru. Wuta na kawo, ba zama na zo yi ba."

Inna ta samu ruwan ɗuminta. Ta sha, an gasa mata jiki, rawar ta lafa. Ta kalli jaririn ta tambaya ko namiji ne, aka ce mata namiji ne. Iya ta yi duk abin da ta sani. Inuwar tsamiya ta fara miƙewa gabas, wajen la'asar, Iya ta matsa kusa da kunnen Inna tana maimaita mata kalmar shahada, sannan ta shafe mata ido.

Ba na cewa wuta na hana ajali. Daga baya a hannun Iya na koyi aikin ungozoma, na yi shi har ƙarfina ya ƙare, na san irin jinin nan ko a asibiti yakan kayar da mace. Abin da nake cewa shi ne, da a cikin ganuwa ne, da tun asuba akwai hannu a bayanta. Ajali ba ya sallama, amma bai kamata ya tarar da mace daga ita sai yarinya ba.

Makiyayin ne ya kai labari gari. Da ruwa ya ja maza suka hayo, aka yi wa Inna sutura aka binne ta kusa da tsamiya kafin magariba. Mata suka biyo su. A cikinsu har da Kande mai akuya, goye da ɗanta. Ta karɓi jaririn daga hannuna ta juya baya ta ba shi nono.

Washegari da hantsi Baba ya dawo. Tun daga nesa ya ga hayaƙi ya fi na kullum, ya ga mutane a gidan da ba a taɓa ganin mutane ba. Ya sauke kayansa a tsakar gida, ƙullin ya kwance, kanwa da citta da barkono da masoro suka zube a ƙasa. Maza suka yi masa gaisuwa, suka kai shi gindin tsamiya suka dawo da shi. Ya zo ya durƙusa gaban Iya.

Ya ce, "Iya, ki faɗa."

Ta ce, "Me zan faɗa? Na faɗa tun yana da amfani. Karɓi ɗanka."

Ranar suna wasu suka fara kiran yaron Talle, kamar yadda ake yi wa wanda uwarsa ta rasu. Iya ta hana. Ta ce ba za a rataya masa mutuwa a wuya ba, ana ruwa ya zo, Anaruwa za a ce masa. Haka ya tashi, haka ya tsufa.

Kowa ya zaci Baba zai kwashe mu ya koma cikin ganuwa. Bai koma ba, ya ce ba zai bar kabarin Inna shi kaɗai a dawa ba, ya isa haka. Bayan sadakar arba'in ya je wurin dagaci ya nemi izini, sannan ya bi tsohuwar unguwarmu gida gida, mutumin da ba ya son magana, yana roƙon a zo a gina kusa da shi. Ya ce rijiya ta kowa ce. Ya ce wanda ya fara kafa danga a jikin tasa ya ba shi dabino ɗaya kyauta. Mijin Kande ne ya fara, don dama matarsa ta gaji da zirga-zirgar shayarwa. Bayansa wani maƙeri, bayansa wasu 'yan'uwa biyu manoma. Iya kuwa, wadda ta ce ba zama ta zo yi ba, a ɗakin Inna ta ƙarasa kwanakinta. Kafin a yi mini aure wurin ya zama unguwa, da masallacinta, da dakanta, da faɗan gugarta. Baba ya mai da saƙarsa bakin hanya, akuya ta tsallaka zare, yara su taka, bai ƙara ɗaga kai ba. Sai dai kullum in ya dawo daga sallar asuba yakan tsaya a ƙofar gida, ya bi rufin maƙwabta da ido ɗaya bayan ɗaya, ba ya shiga sai kowanne ya yi hayaƙi. Ƙibar da ya yi kuwa ba ta dawo ba har ya koma ga Allah.

Duk waɗannan sun tafi. Anaruwa ma ya riga ni, kuma Sabi'u jikansa ne, ni na goya ubansa. Unguwar tamu hanya ta bi ta kanta, aka tashi mutane aka yanka filaye. Ƙoramar an yi mata kwalbati, mota na haye ta ba ta ko rage gudu. Ban ce gidan da Sabi'u ya saya a nan ne daidai ba, don ba tsamiya ba dabino da zan kafa shaida da su. Amma in na tsaya a ƙofarsa na dubi duwatsu, yadda suke kwance haka na san su tun ina yarinya. Na dawo inda na fito, na tarar an sake gina shirun, wannan karon da bulo da siminti. Risho ba ya hayaƙin da za a hango, ko ya yi katanga ta tare shi.

Mun tare. Sabi'u na fita tun safe sai yamma, matarsa Habiba na da ciki, daga ita sai ni da ko tulu ba na iya ɗagawa. Kwana kaɗan da tarewarmu na ɗauki sandata da fankon ashana na je na buga ƙofar gidan da ke jikin namu. Na daɗe ina bugawa. Wata yarinyar mace ta leƙo ta ɗan ramin ƙofa.

"Wa ake nema?"

"Ke nake nema. Ni ce tsohuwar gidan nan. Tsinken ashana za ki ba ni."

Ta ba ni kwali guda, na zari ɗaya na mayar mata da sauran. Washegari na koma, jibi ma haka. Da Sabi'u ya ji ya ce, "Haba amarya, za ki sa a ce na kasa riƙe ki. Ashana fa tana nan cike da kwano." Na ce masa ya bar ni da haukata, tsufa ne. A hankali na san sunanta Rabi, mijinta direban babbar mota ne, yakan yi mako ba ya gida, 'yan'uwanta suna Ringim, kuma wata rana da ta buɗe ƙofa idonta a kumbure, ashe zazzaɓi ne ya kwana yana dukan ɗanta. Na tura mata Habiba.

A watan jiya ƙafata ta riƙe, na kasa sauka daga gado. Wajen hantsi na ji ana buga ƙofar ƙarfenmu. Habiba ta buɗe, sai ga Rabi har bakin ɗakina, da kwalin ashana a hannu.

Ta ce, "Hajiya, yau ba ki zo ba."

Na juya fuskata bango, don ban so su ga tsohuwa na kuka. Inna ce ta faɗo mini a rai, tsaye da taɓarya a sama, kanta a karkace.

Kai mai karanta wannan, in Allah ya hore maka ka sayi gida a irin unguwannin nan, ina taya ka murna, ban ce ka rushe katangarka ba. Roƙona ɗaya ne. Gobe da safe, kafin ka fita, ka je ka buga ƙofar da ke jikin taka. Kada ka ce ka zo duba su, za a ce maka lafiya lau. Ka nemi ashana, ko gishiri, ko da kana da shi, ka dubi yadda aka taso aka ba ka. Jibi ka koma. In kuma ka idar da salla ka tuna, ka sa Innata da Iya Tabawa a addu'a.